Maraɗi na faɗaɗa, amma da wane aiki matasanta ke ci?

Malam Isufu, Unguwar Zariya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so mu tattauna a kan abin da duk mazaunin Maraɗi yake gani da idonsa, wato yadda gari ke cinye gonakin da ke kewaye da shi, da kuma irin aikin da mutanen da ke cika sababbin unguwannin nan suke ci da shi. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta ba birnin Maraɗi mutum 267,249, jihar kuwa ta kai miliyan 3.4, kuma a lokacin an ƙiyasta cewa jama'ar Nijar na ƙaruwa da kashi 3.9 cikin ɗari a kowace shekara, abin da ke nufin ninkuwa cikin ƙasa da shekara 20. Wanda ya san iyakar gari a wancan lokaci, in ya bi hanyar Tibiri ko ta Ɗan Isa a yau, zai tarar da katangu da harsashin gini a wuraren da ya saba ganin hatsi da wake.

Ra'ayina shi ne aiki bai yi ƙaranci ba kamar yadda ake yawan faɗi, domin da wuya ka sami saurayin da ya wuni bai taɓa komai ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne aikin da mutum zai iya ɗora lissafin watan gobe a kansa. In ka duba da kyau, yawancin abin da ke shiga aljihun matasanmu daga kasuwancin iyakar Najeriya yake fitowa ko daga gine-gine, su kuma gine-ginen da kuɗin iyakar ake yin su, saboda haka ranar da aka rufe iyakar Ɗan Isa har mai kwaɓa siminti a ƙarshen gari sai ya ji a jikinsa. Ina neman waɗanda ke cikin harkar su gaya mana ko haka abin yake.

Alhaji Mamman

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara lafiya. Maganarka tana kan hanya, sai dai ba na so matasa su karanta ta su ɗauka cewa dogaro da iyaka wata sabuwar cuta ce da ta same mu. Tun da Ɗan Kasawa da jama'arsa suka kafa garin nan bayan barinsu Katsina, fuskarmu kudu take kallo. Da ambaliyar 1945 ta rushe tsohon gari a bakin gulbi aka hau da shi tudu, gyaɗa ce ta cika shi da mutane, domin lokacin cinikinta kowa na da abin yi, daga mai awo har mai ɗinkin buhu. An kafa SONARA a 1962 don sayen gyaɗar, fari na 1973 da 1974 ya karya noman, sai iyayenmu suka juya ga fiton kaya, wato a sauke kaya a Kwatano, a shigo da su Maraɗi, a wuce da su Najeriya. Da wannan ne Alhazan Maraɗi suka yi suna.

Abin da mutanen ofis ba su cika lissafawa ba shi ne yawan bakin da babbar mota ɗaya ke ciyarwa. Akwai direba da yaransa, akwai 'yan dako da ke sauke kaya a sito su sake loda su, akwai mai gadin sito, da mai bin takardu a duwan, da ɗan canji, da mai faci, da matar da ke kawo musu tuwo da rana. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, waɗannan ne suka fara shan wuya kafin mai kayan ya sha. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka sake rufewa har zuwa Maris 2024, hanyar Binin kuma ta toshe, kaya suka koma biyowa ta Lome da Burkina da rakiyar sojoji, tafiyar ta ƙara tsawo da tsada. Ni kaina na rage yaran da ke aiki a sitona, ba don ina so ba.

Laminu

Baba Alhaji, Allah ya saka da alheri da wannan tarihi. Ina so in yi magana da bakin waɗanda suka yi karatu, domin namu ya sha bamban. Tun da aka kafa jami'ar Maraɗi a 2010, wadda yanzu ake kira Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, kowace shekara ana yaye ɗalibai a fannin noma da kimiyya da kiwon lafiya da fasaha, ga kuma makarantu masu zaman kansu da suka yawaita a gari. Hanyoyin da ke gaban wanda ya gama kuwa ba su da yawa. Ko ya nemi hidimar ƙasa ta shekara biyu, ko ya shiga koyarwa a matsayin ɗan kwantiragi yana jiran ranar da za a ba shi lambar ma'aikacin gwamnati, ko ya yi rajista a ANPE, hukumar samar da aikin yi, ya riƙa leƙa allon sanarwa, ko kuwa ya dace da aikin wata ƙungiyar agaji. Wannan ƙofa ta ƙarshe ita ce ta fi albashi, amma ta ƙuntata tun da Amurka ta yanke yawancin tallafinta na waje a 2025, kuma dama aikin na wa'adi ne, in shirin ya ƙare kowa ya kama gabansa.

An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga sefa 30,047 zuwa 42,000 a farkon 2024, amma wannan doka tana aiki ne a inda akwai takardar ɗaukar aiki, kuma mafi yawan abokaina ba su taɓa sa hannu a irin wannan takarda ba. Ina da abokin karatu da ke kabu-kabu, sai dai ba ya ɗaukar fasinja a unguwarsu, yakan tafi can wajen Ali Ɗan Tsoho ya rufe fuska da rawani don kada ƙannensa da ke makaranta su gan shi su ce karatu ba shi da amfani.

Malam Habu magini

Laminu ɗana, na ji maganarka, amma bari in gaya maka abin da ke faruwa a wurin gini, domin a nan ne ake ganin ƙaruwar garin da hannu. Lebura ba ya yi mini wuya. Da an gama girbi samari ke shigowa daga ƙauyukan Gidan Rumji da Mayahi da Dakoro, da asuba za ka same su tsugune a bakin hanya kowa da shebur ɗinsa, in ka tsaya kana neman mutum uku sai goma su taso. Da ruwan farko ya sauka kuma su watse su koma gona, aiki ya tsaya ko kuɗin lebura ya hau. Wannan tsohon tsarin ci-rani ne, abin da ya sauya kawai shi ne yanzu da yawa ba sa komawa.

Abin da ke yi mini wuya shi ne ƙwararre. In mai gida ya ce yana son a shimfiɗa masa tayil ba tare da an ga tudu da kwari ba, ko a yi masa silin na zamani, ko a ja wayar lantarki a cikin bango yadda ba za ta tashi da gobara ba, sau da yawa sai an kira mutumin Togo ko na Binin ko wani daga Kano, a biya shi abin da ya yanka, a kuma ba shi masauki. Kuɗin da ya fi tsoka a cikin ginin ke nan, kuma shi ne ke fita daga gari. Lokacin Maraɗi Kwalliya a 2015, da aka yi ta gyaran tituna da gine-gine saboda bikin ranar Jamhuriya na 18 ga Disamba, mun ga haka ƙuru-ƙuru, domin 'ya'yanmu ne ke ɗaukar yashi, baƙi ne ke riƙe da ma'auni.

Dalilin kuwa a bayyane yake. Yaro zai zo koyon aiki, kafin hannunsa ya faɗa yana bukatar shekaru, kuma a shekarun nan abin da yake samu bai wuce na abinci da sabulu ba. Abokinsa da ya karɓi babur yana dawowa kowace yamma da kuɗi a hannu bayan ya cire na mai babur da na mai. Kafin a yi nisa sai ka nemi yaron ka rasa, ka gan shi a tashar 'yan kabu-kabu. Ba na ganin laifinsa sosai, domin a gida ana jiran abin da zai kawo a daren nan.

Hajiya Rabi

Ina yi wa iyaye da 'yan uwa sallama. Na lura duk wanda ya yi magana samari yake nufi, alhali rabin masu aikin garin nan suna cikin gidaje, kuma babu mai ƙirga su. Macen da ta sayi tiya biyar ta gyaɗa, ta soya, ta kai inji, ta matse mai ta toya ƙuli-ƙuli, ta yi aikin da masana'anta ke yi, illa dai nata a tsakar gida ne. Haka mai fura, da mai ƙosai, da mai ɗinki, da mai kiwon jar akuya wadda ake neman fatarta har ƙasashen waje. Tsarin asusun Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a yankin nan a 1991 kafin ya bazu zuwa wasu ƙasashe, da irin waɗannan sana'o'i ya tsaya, kuma gidaje da yawa da maigida ya rasa aikin sito a 2023 da kuɗin asusun uwargida suka ci tuwo.

Faɗaɗar gari ta zo wa mata da abu biyu. A tsohon gari irin su Bagalam da Mokoyo gidaje a cushe suke, mai sana'a ba ta rasa mai saye ko ba ta fita ba. A sabuwar unguwa kuwa maƙwabcinka kango ne, kasuwa na da nisa, famfo bai iso ba, sai an sayi ruwa wurin 'yan ga-ruwa kafin a ɗora tukunya, ribar ta tafi a kuɗin ruwa da na babur. Shi ya sa ake ɗora wa yarinya talla ta yi tafiya mai nisa, makaranta ta sha kashi. A ɗaya gefen kuma, yaran mata da suka yi karatu sun fara samun abin da iyayensu ba su samu ba, domin za ka gan su a asibitoci masu zaman kansu, da kantunan magani, da makarantun kuɗi, da ofisoshin aika kuɗi irin su Nita da Amana. Albashin ba shi da yawa, amma yana zuwa a ƙarshen wata, kuma na ga iyayen da suka jinkirta auren 'yarsu saboda shi.

Malam Garba, Jiratawa

Hajiya ta taɓo abin da ke raina. Ni daga bayan gari nake kallon lamarin, kuma tambayar da nake so a yi ita ce, mutanen da gonakinsu suka zama filayen gini, ina suka shiga? Na san gidan da uba ya rasu ya bar gona a bakin gari, magada suka ga ba za ta rabu ta ishi kowa noma ba, dillalai kuma na ta zarya, sai suka sayar aka raba kuɗi. Ɗaya ya yi aure, ɗaya ya sayi babur, babban ya sauke farali. Bayan shekaru kaɗan babur ya tsufa, kuɗi sun ƙare, yanzu biyu daga cikinsu lebura suke yi a kan ƙasar da ubansu ya noma. Ga kuma waɗanda rashin tsaro ya koro daga ƙauyukan bakin iyaka a Madarunfa da Gidan Rumji, da 'yan uwanmu na Zamfara da Sakkwato da suka ƙetaro tun 2019. Duk waɗannan manoma ne da suka zama masu neman aikin yini, kuma su ne ke sa kuɗin lebura ba ya tashi.

Sai dai ban yarda a ce girman gari hasara ce zalla ga manomi ba. A fadamar Jiratawa, inda hukumar ONAHA ke kula da aikin ban-ruwa, duk abin da muka noma na zogale da tumatir da albasa da ganye, garin ne ke cinye shi, kuma kullum bakin da ke ci ƙaruwa yake. Saurayin da ke da ɗan fili da injin ban-ruwa yana iya fin ɗan kwantiragi samu. Matsalar ita ce filin ba ya ƙaruwa, kuma abin da jihar ta fi nomawa don sayarwa, wato aya da riɗi da wake, a buhu yake fita kamar yadda aka sheƙe shi, a sarrafa shi a wani wuri.

Sa'adatu

Malam Garba, a kan wannan ne nake so in tsaya, domin aikina riƙe lissafin ƙananan kamfanoni ne, kuma ina ganin inda suke faɗuwa. Maraɗi ta taɓa samun masana'antu, iyayenmu sun yi aiki a Sikonijar wurin matsar man gyaɗa da kuma majemar Sonitan, saboda haka ba a ce garin bai san albashin masana'anta ba. Wanda duk ya so ya kafa injin gyaran riɗi ko na matsar mai a yau, abu na farko da zai ci karo da shi wuta ce. Lantarkin Maraɗi da Damagaram ya daɗe yana zuwa daga Katsina ta layin Gazawa, kuma da Najeriya ta yanke shi a Agusta 2023, masu walda da masu niƙa da masu ƙanƙara da teloli duk sun ga abin da ake nufi. Wanda ya koma janareto, kuɗin mai ya cinye ribarsa.

Abu na biyu shi ne darajar naira. Tun da aka sake ta a tsakiyar 2023 ta faɗi ƙwarai a gaban sefa, kayan Kano suka yi araha a kasuwarmu, daga robobi har sabulu da lemo, ta yadda mai yin irinsu a nan ba ya iya karawa da su, dabba da wake da muke kaiwa can kuma kuɗinsu ya ragu in an canza. Saboda haka ne nake jin tsoron murnar da ake yi da layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairu 2021 kuma kamfanin Mota-Engil ke ginawa. Jirgin zai kawo aikin tasha da na sito, wannan babu shakka, amma in ya iso ya tarar ba mu da abin lodawa sai ɗanyen riɗi da aya, zai ƙara sauƙaƙa shigowar kayan da aka ƙera a can ne, direbobin manyan motoci da yaransu kuma su rasa wani kaso na lodinsu.

Laminu

Yaya Sa'adatu ta faɗi gaskiya. Baba Alhaji, da girmamawa nake tambaya, tun da akwai masu dukiya a garin nan da za su iya, me ya sa kuɗin ke tafiya a gidajen bene da gidajen mai, ba ya tafiya a masana'antar da za ta ɗauki mutum ɗari aiki?

Alhaji Mamman

Tambayarka ba ta ɓata mini rai ba ɗana, kuma amsarta lissafi ce. Kuɗin da na sa a shinkafa ko atamfa yana juyawa cikin makonni, in hanya ta ɓaci in sauya kaya ko in sauya hanya. Kuɗin da na sa a inji ya kwanta ke nan shekaru, ba ya tashi ya bi ni, kuma takarda ɗaya daga Yamai ko daga Abuja tana iya mayar da shi ƙarfen banza. Fili kuwa ba ya ruɓewa, ba ya neman wuta, kuma garin da ke faɗaɗa kullum ƙara masa daraja yake. Ka dubi abin da ya sami 'yan ruwa-ruwa. Shekaru da yawa samari marasa iyaka suna cin abinci da fetur ɗin kwalba da ake shigowa da shi daga Najeriya, ranar 29 ga Mayu 2023 aka ce an cire tallafin mai a can, sana'ar ta durƙushe ba tare da wani a Maraɗi ya yi laifin komai ba. Wanda ya ga haka zai yi tunani kafin ya binne dukiyarsa a abin da ba ya motsi.

Ban ce ba za a yi ba. In aka sami wutar da ba ta yankewa, da bashin banki na shekaru wanda ruwansa bai hana mai tsoron Allah kusantarsa ba, da tabbacin cewa dokar haraji ba za ta sauya a tsakiyar hanya ba, akwai waɗanda za su gwada. Amma ku ma masu takarda akwai naku. Na taɓa neman wanda zai riƙe mini lissafin sito, duk wanda ya zo tambayarsa ta farko ita ce ko akwai ofis da na'urar sanyi.

Malam Isufu

Alhaji, wannan ta ƙarshe ba kowa ba ne, amma akwai ta. Abin da na fahimta daga Malam Habu shi ne akwai wani kaso na aiki mai tsoka da bai jira masana'anta ko layin dogo ba, yana nan a cikin gine-ginen da ake yi yau, kuma baƙi ke ɗauka. Muna da makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa a garin nan, akwai cibiyoyin koyon sana'a a gundumomi, akwai kuma asusun FAFPA da aka kafa don tallafa wa koyon sana'a. Malam Habu, yaran da ke fitowa daga waɗannan wurare suna isowa wurinku kuwa? In suna isowa, me ke hana su maye gurbin baƙin?

Malam Habu magini

Suna isowa Malam, kuma wanda ya fito daga can ya fi saurin ganewa, domin yana karanta zanen gida, ya san ma'auni, ba sai an yi ta nanata masa ba. Abin da ya rasa shi ne hannu, saboda kayan gwaji a makaranta ba su da yawa, kuma mai gida ba ya yarda a koyi aiki a kan tayil ɗin da ya saya da tsada. Abu na biyu kayan aiki ne. Baƙon nan da ake kira yana zuwa da injin yankansa da ma'auninsa, namu kuwa ya zo da takarda kawai, ko ya iya sai ya yi aro.

Ni dai ga abin da zan iya. Ina da ginin da za a fara shimfiɗa tayil da jan waya bayan sallah, kuma na yi magana da mai aikin cewa zan haɗa shi da yara biyu su tsaya kusa da shi daga farko har ƙarshe. Abincin rana da kuɗin babur a kaina, ladan lebura kuma za su samu a ranakun da suka yi aikin lebura. Sharaɗina shi ne uban yaro ko wansa ya zo mu yi magana ido da ido, a yarda cewa ba za a janye shi ba in damina ta faɗi ko in wani ya ba shi babur. Laminu, in abokin naka na kabu-kabu yana so, ka turo mini shi ta akwatin saƙo, yana iya ci gaba da babur ɗinsa da dare.

Laminu

Na gode Baba, zan same shi yau bayan isha'i in gaya masa. Lantarki ya karanta, saboda haka ina jin ɓangaren jan waya zai fi so, in akwai wuri a nan.